Lamba 85: kan jirgin ƙasan Saliyo da ya kuɓuta daga hannun masu sayen tsohon ƙarfe

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako ta Yamai, ko wajen masu tsohon ƙarfe na Maraɗi da Damagaram, ya san makomar inji idan ya tsufa: a kwance shi, a ɗora bisa sikeli, a biya kuɗinsa da kilo. To haka aka yi wa jirgin ƙasa na Saliyo baki ɗayansa bayan an rufe shi a shekarar 1974. Aka tumɓuke dogo, aka yanyanka taragu da kawunan jirgi, aka sayar. Ƙalilan ne suka tsira, kuma daga cikinsu akwai wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da wuta da tururi, mai lamba 85, wanda wasu Turawa suka saya suka kai yankin Wales na ƙasar Birtaniya, suka gyara shi har ya koma jan fasinja.

An ƙera shi a shekarar 1954 a masana'antar Hunslet da ke birnin Leeds na Ingila, kuma shi ne auta a cikin irinsa guda 32 da wannan kamfani ya ƙera wa Saliyo tun daga 1898. Shekara 56 ke nan ana sayen samfuri ɗaya, abin da ke nuna cewa ya dace da hanyar. Ƙafafunsa goma ne: ƙanana biyu a gaba, manya shida a tsakiya waɗanda su ne ke ja, sai ƙanana biyu a baya. Ruwansa yana cikin tankuna biyu da ke manne a kuiɓinsa, dama da hagu, kamar mangala bisa jaki, saboda haka ba ya bukatar jan wani tarago na musamman don ruwa.

Dogon da bai kai yadi ɗaya ba

Turawan Ingila ne suka fara shimfiɗa dogon Saliyo a shekarar 1896, daga bakin teku a Firitawun, babban birnin ƙasar. Ya isa garin Bo a 1903, daga nan ya zarce gabas har Pendembu kusa da iyakar Laberiya, tafiyar kilomita 366. Wani reshe kuma ya ɓalle daga Bauya ya nufi arewa zuwa Makeni.

Abin da ya bambanta shi shi ne ƙanƙantarsa. Tsakanin ƙarafan dogon biyu santimita 76 ne kacal, wato bai kai yadin atamfa ɗaya ba. Don kwatanci, dogon Kwatano zuwa Paraku, wanda ƴan kasuwarmu suka sani, mita ɗaya ne cif, kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya kusan mita ɗaya da rabi. Dalilin ƙanƙantar kuwa kuɗi ne. Ƙaramin dogo yana iya karya kwana a ɗan wuri, ya zagaye tudu maimakon a fasa tudun, kuma gadojinsa ba sa cin ƙarfe da yawa. Gwamnatin mulkin mallaka tana son ta kwaso amfanin ƙasa zuwa tashar jiragen ruwa ba tare da ta kashe da yawa ba. Irin wannan awo ne aka yi wa tsohon dogon Zariya zuwa Jos mai ɗaukar kuza, wanda aka rufe a 1957.

Amma araha ba ta ado. Ƙaramin dogo ba ya ɗaukar nauyi sosai, ba ya gudu. Marubucin nan na Ingila, Graham Greene, ya hau wannan jirgi a 1935 daga Firitawun zuwa Pendembu, kuma sai da ya yi yini biyu, tare da kwana a Bo. Nisan nan bai kai na Yamai zuwa Birnin Ƙonni ba.

Duk da haka, ga mutanen ƙasar, wannan jirgi mai tafiyar hawainiya shi ne kasuwa. Da shi ake sauko da ƙwarar manja, da man ja, da citta, da goro, da koko da gahawa, a hau da gishiri, yadi, kananzir da kwanon rufi. Matan Kiriyo na Firitawun, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro har zuwa Banjul da Dakar, suna cikin masu bin sa zuwa cikin ƙasa. Kwarori ƴan Labanan suka kakkafa kantuna a tashoshinsa. Ƙauyukan da ba a san su ba suka zama garuruwa saboda kawai jirgi yana tsayawa shan ruwa a wurin, kuma inda jirgi ya tsaya, mai tallar abinci ta samu ciniki.

Lamba 85 ya zo ne a ƙarshen wannan zamani. A cikin shekarun 1950 ɗin nan ne aka fara kawo kawunan jirgi masu shan gazuwal, tare da wasu manya masu tururi daga kamfanin Beyer Peacock na Manchester. Da ƙasar ta samu ƴancin kai a ranar 27 ga Afrilu 1961, Birtaniya ta ba ta kyautar sababbin taragun fasinja. Mai kallo daga waje zai ce jirgin ya samu sabuwar rayuwa, alhali kuwa motocin kamyo sun riga sun fara cinye masa kaya. Kamyo yana zuwa har ƙofar kanti, yana tashi lokacin da mai kaya yake so. Ga shi kuma dukiyar da ta fi kawo kuɗi a lokacin ba ta bi ta kansa: lu'ulu'un Kono ana sa shi a aljihu, ƙarfen Marampa kuwa yana da nasa dogon daban zuwa Pepel.

Jirgin ya shiga faɗuwa shekara bayan shekara. Masana daga waje suka ba da shawarar a rufe shi a zuba kuɗin a hanyoyin mota, gwamnatin Siaka Stevens ta karɓa. Aka fara da reshen Makeni a 1968, aka bi da sauran kaɗan-kaɗan, har jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi ranar 17 ga Nuwamba 1974. A lissafin takarda, masanan ba su yi ƙarya ba, domin dogon ya tsufa kuma faɗaɗa shi sai an kashe maƙudan kuɗi. Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne garuruwa irin su Bauya, waɗanda ba su da wata sana'a sai jirgi, da manomin da hanyar mota ba ta kai gonarsa ba. Kuma rufewa daban, tumɓukewa daban. Dogon da aka rufe ana iya buɗe shi wata rana. Wanda aka sayar da kilo ya tafi ke nan.

Masu saye daga Wales

A can Wales akwai wani ɗan dogo mai irin wannan awo na santimita 76, tsakanin garin Welshpool da ƙauyen Llanfair Caereinion, wajen kilomita 13. An buɗe shi a 1903 don manoma su riƙa kai tumaki da shanu kasuwar Welshpool, wadda har yanzu babbar kasuwar tumaki ce. Shi ma mota ta kashe shi: aka daina ɗaukar fasinja a 1931, aka rufe gaba ɗaya a 1956. Sai wasu mutane masu son jirgin ƙasa suka kafa ƙungiya, suka karɓi hanyar, suka sake buɗe wani sashe nata a 1963. Yawancinsu ba albashi ake biyan su ba. Malamin lekol, ma'aikacin banki, tsohon makanise, kowa ya zo ranar hutunsa ya sa tsummokaran aiki.

Matsalarsu ita ce wannan awo ba shi da yawa a Birtaniya, don haka ba su da inda za su sayi inji ko tarago a gida. Dole suka riƙa baza kunne a duniya, duk inda aka ji ana rufe dogo mai irin awonsu sai su je. Sun samo taragu daga Ostiriya, sun samo kan jirgi daga gonakin rake na tsibirin Antigua. Da labarin Saliyo ya iso musu, suka tara kuɗi tsakaninsu, suka sayi lamba 85 da huɗu daga cikin taragun nan na kyautar ƴancin kai. A 1975 aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Ingila. Injin yana da shekara 21 a lokacin, wanda a wajen kan jirgin tururi ƙuruciya ce.

Yadda ake gyaran tukunyar da ke tafiya

Da yake yawancin masu karatu ba su taɓa ganin irin wannan inji ba, ya kamata a ɗan yi bayani. Kan jirgin tururi babbar tukunya ce a kwance bisa ƙafafu. A bayanta akwai murhu, inda ake zuba gawayin ƙasa irin wanda ake haƙowa a Anu Araren. Zafin wutar da hayaƙinta suna bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa cikin ruwan, ruwan ya tafasa, tururi ya taru ba shi da mafita. Direba ya buɗe masa hanya, sai ya tura wani ƙarfe gaba da baya, ƙarfen ya juya ƙafafun. Mace duk da ta ga yadda marfin tukunya ke rawa in ruwa ya tafasa ta ga asalin abin. Bambancin shi ne a nan an ɗaure marfin tam.

A nan haɗarin yake. Tukunyar da aka matse tururi a cikinta, in ta fashe, tana iya hallaka duk wanda ke kusa. Shi ya sa a Birtaniya ba a barin irin wannan inji ya ɗauki mutane sai da takardar mai duba tukunya. Ana duba ta kowace shekara, sannan bayan kamar shekara goma sai an yi mata babban bincike: a sauke ta daga kan ƙafafunta, a tuɓe ta, a zare bututan. Ruwa yana barin wani farin ɓawo a jikin ƙarfe, irin wanda ke kama cikin butar mai shayi, kuma ƙarƙashin wannan ɓawo tsatsa ke cin ƙarfen a ɓoye. Bangon murhun biyu ne, ruwa a tsakaninsu, kuma ɗaruruwan ƙusoshi ne ke riƙe da su don kada tururi ya buɗa su. Mai dubawa yana bin su da guduma yana saurare, domin wadda ta karye ƙararta daban take, kamar yadda mai sayen tulu ke ƙwanƙwasa shi kafin ta biya.

In an gama gyara, ba a fara gwaji da wuta. Ana cika tukunyar da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo har ya wuce ƙarfin da za ta yi aiki da shi. In akwai rauni, ruwa ne zai tsiyaya kurum, ba abin da zai tashi. Sai ta ci wannan jarrabawa ake hura mata wuta. A rufin murhun kuma ana sa wasu ƴan toshiya masu dalma a ciki. Idan mai kula da wuta ya yi sakaci ruwa ya ja baya, dalmar za ta narke, tururi ya feso cikin murhun, ya sanar da su kafin ƙarfen ya lalace.

Sauran jikin ma haka. Kowace ƙafa tana da zoben ƙarfe a bakinta wanda ke cinyewa da tafiya. In za a sa sabo, sai a gasa shi ya buɗe, a zura ƙafar, ya huce ya kama ta. Kuma babu kantin da za ka je ka ce a ba ka kayan gyaran injin 1954. Abin da ya lalace, sai a sassaƙa kamarsa da katako, a danna cikin yashi, a narka ƙarfe ko tagulla a zuba. Maƙeranmu masu zubin tukwanen alminiyo, da za a kai su wannan wuri, ba za su ga baƙon aiki ba.

Haka mutanen Llanfair suka yi ta yi da lamba 85 har ya koma aiki, ya shiga jan taragu cike da masu yawon buɗe ido. A 1981 ƙungiyar ta kammala mayar da hanyar har bakin garin Welshpool, inda akwai wani hawa mai tsanani da ake kira Golfa: kowane mita 29 na tafiya, hanyar na ɗagawa mita ɗaya. Injin da aka yi domin tuddan Saliyo bai ji tsoron wannan ba. Ya daɗe yana aiki a Wales fiye da yadda ya yi a ƙasar da aka ƙera shi dominta.

Sai dai gyaran irin wannan inji ba ya ƙarewa. Kuɗin tikiti ba sa isa, sai an haɗa da gudummawar ƴan ƙungiya da wasiyyar waɗanda suka mutu suka bar wani abu. Ko tayar da shi da safe aiki ne: daga sanyi sai an yi awoyi ana hura wuta a hankali, don ƙarfen da aka zafafa da gaggawa yana tsagewa. Mai son zama direba kuwa da goge-goge yake farawa, ya yi shekaru, ya zama mai zuba gawayi, kafin a ba shi ragama. Kamar dai yaron mota.

Waɗanda suka rage a gida

Mai karatu zai iya tambaya: ashe Saliyo ba ta ajiye ko ɗaya ba? Ta ajiye, kuma labarinsu ya fi na lamba 85 ban mamaki. Lokacin da ake yanka kayan, ma'aikatan jirgin sun ware wasu kawuna da taragu suka tura su cikin babban garejin gyara na unguwar Cline Town a Firitawun, aka rufe. A cikinsu akwai lamba 81, yayan lamba 85, wanda aka ƙera a 1947. Da wani babba mai lamba 73. Da wata ƴar ƙarama ta 1915 da ake kira Nellie. Da taragon gwamna. Da taragon da aka shirya wa Sarauniya Elizabeth don ziyararta ta 1961, wanda ba ta ma shiga ba.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1991, bai ƙare ba sai 2002. Dubban mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka fake a wannan gareji, suka yi shekaru suna kwana suna girki a tsakanin injunan. Ƙananan kaya da yawa sun salwanta, kuma ba mai ganin laifin wanda ke gudun ransa. Amma gangar jikin ƙarfen ta fi ƙarfin ɗauka, ta zauna inda take.

A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya, Kanal Steve Davies, wanda aka turo cikin masu horar da sojojin Saliyo, ya shiga garejin ya tarar da su. Shi ma mai son jirgin ƙasa ne. Ya haɗa kai da tsofaffin ma'aikatan jirgin da wasu matasa, aka shiga kankare tsatsa, ana gyaran katako, ana shafa fenti. Shugaban ƙasa na lokacin, Ahmad Tejan Kabbah, ya goyi bayan aikin, aka hana wurin salwanta, kuma a 2005 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihin jirgin ƙasa na Saliyo. Shi Davies daga baya ya shugabanci babban gidan tarihin jirgin ƙasa na Birtaniya da ke York.

Gyaran Cline Town na ido ne. Injunan sun yi kyau, ƴan lekol suna zuwa kallo, tsofaffi suna nuna wa jikoki taragon da suka taɓa shiga, amma ba a hura musu wuta. Ko da an tara kuɗin gyaran tukunyar lamba 81, ina zai taka? Wannan ita ce amsar mai cewa ya kamata a mayar da lamba 85 gida. Maganar tana da daɗin ji, kuma gaskiya ne cewa abin takaici ne ɗan Saliyo sai ya nemi bizar Birtaniya kafin ya ga jirgin kakanninsa. To amma da ba a saye shi ba, mai yiwuwa da tuni ya zama rodin gini, kuma dogon da zai hau a gida babu shi.

Mu nan Nijar ba mu taɓa samun jirgin tururi ba balle mu ajiye. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a zamanin Turawa akasari sai an kai ta Kano ko wata tashar Nijeriya kafin ta hau dogo. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bikinsa a farkon 2016, bai kai ga yin jigilar ƴan kasuwa da kayansu ba. Saliyo ta yi shekara kusan 80 da jirgi ta rasa shi, mu kuma muna da ƙarfen a ƙasa ba mu ga jirgin ba.

A shekarar 2010 takardar tukunyar lamba 85 ta ƙare, aka sauke shi daga aiki. Aka kai shi gidan tarihin jirgin ƙasa na Shildon a arewacin Ingila, ya yi wasu shekaru ana kallonsa. A 2017 ƙungiyar Wales, tare da wata ƙungiyar abokan gidan tarihin Cline Town, suka zagaya da shi wasu biranen Ingila don a ba da labarin Saliyo, a kuma nema wa gidan tarihin na Firitawun taimako. Bisa bayan kamyo aka ɗauke shi, don babu dogon da ya yi daidai da ƙafafunsa. An kai shi Hull, birnin da ke da ƙawance da Firitawun, an kuma kai shi Leeds, inda aka ƙera shi shekara 63 kafin nan, sannan aka mayar da shi Wales.